Fuska Ba Ta da Ninki

Ranar da masu wasa da kura suka ratsa ta Yakasai, Kulu tana tsakar gida tana zanen hula. Ta ji ganguna da ihun yara, ta kuma ga 'yarta ta ajiye ludayin fura ta nufi zaure da gudu. Ba ta kira ta ba. 'Yardada 'yar fari ce, uwa kuwa ba ta kama sunan 'yar fari, balle ta bi ta da kira a gaban manya. Sai ta juya wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifin mijinta wadda ta raine shi tun yana maraya, ta ce yarinyar nan fa ta fita. Gwaggo tana tsintar wake, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce a bar ta, ai cikin 'yan'uwanta take, yunwa za ta koro su.

Kafin la'asar yunwa ta koro sauran yaran unguwa. Ba ta koro 'Yardada ba.

Aka yi ta tambayar yaran, kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce a bakin Kurmi ya gan ta, wata ta ce har Sheshe suna tare. Aka aika karofi, inda yake rini, aka kira mijin Kulu, Gwadabe, ya taho hannuwansa jiƙe da shuni, ya fita nema bai ko zauna ba. Ya je wurin mai unguwa, ya je wurin 'yan doka, ya bi ƙofofin gari yana tambayar masu tsaro. Samari suka shiga kududdufai da dogayen gora suna lalube. Da aka cim ma masu kuran a wani ƙauye, suka rantse ba su san da wata yarinya ba, yara dai kullum bin su suke yi su koma.

Aka sa mai cigiya. Daga bayan katanga Kulu take jin muryarsa yana wucewa: an yi ɓatan yarinya 'yar shekara huɗu, baƙa, mai bille a kunci, da ɗan zane shuɗi. Ta tsaya da muciya a hannu tana saurare. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma in aka tara 'yan matan birni masu wannan kama, zaurensu ba zai ɗauke su ba.

Mata suka yi ta zuwa jaje. Gwaggo ce take kuka, ita aka yarje wa. Kulu sai ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, in aka yi mata sannu ta sunkuyar da kai ta ce ai Gwaggo za a yi wa. Ba ta fita, domin matar kulle ce. Abin da ya rage mata shi ne kunne, da matan da ke shigowa gida saye da sayarwa.

A cikinsu akwai Murja, mai tallan nono, wadda gidansu ke bayan Ƙofar Kabuga. Kullum da hantsi takan sauke ƙwaryarta a tsakar gidansu ta huta. Ita ce ta faɗi maganar da kowa yake tsoron faɗa. Ta ce bazara ce, gari cike yake da 'yan cin rani, daga ƙasar Damagaram, daga Daura, daga ko'ina. In wani a cikinsu ya tsinci yarinyar, to yana nan tukuna. Amma ranar da ruwan farko ya sauka, kowa zai ɗaure kayansa ya tafi shuka.

Kulu ta ɗaga kai ta dubi sama. Fari fat take, ko gizagizai babu. Ta ce da Murja, ke da kike shiga ko'ina, da za ki riƙa dubawa. Murja ta ce ta yaya, ita da ta saba ganin yarinyar a guje kawai, yaran Haɓe kuma duk kamarsu ɗaya, hanci kamar an zauna a kai. Ta faɗa ne don Kulu ta yi dariya. Kulu ba ta yi ba. Ta ce gobe ta biyo, za ta ba ta abin da za ta duba da shi.

Zane dai sana'ar Kulu ce. Matan unguwa masu ɗinkin hula wurinta suke kawo ƙyalle ta fitar musu da gidaje, su bi da zare. Tun tana budurwa ta iya: a ninke farin ƙyalle biyu, a zana rabi da tawada, a danna tun da danshi, ɗaya rabin ya fito daidai wa daida. Hular da ɓangarenta ɗaya ya saɓa da ɗaya, ba mai saye. Haka ta yi wa fuskar 'yarta. Ta ninke ƙyalle, ta zana ido ɗaya, kunne ɗaya, rabin hanci, rabin baki, ta danna, ta buɗe.

Da Murja ta gani washegari, ta daɗe tana juya ƙyallen.

"Kulu, wannan mujiya ce ko aljana? In na nuna a ruga, shanu ma sai sun tsinke igiya."

Kulu ta karɓe ta cusa a murhu. Ta sake wani, ta bi shi a hankali fiye da na farko, tana auna tsakanin idanu da tsinke. Ya fito tsaf, kamar tambarin da ake yi a goshin gida, ba kamar ɗan mutum ba. Duk da haka Gwadabe ya karɓa ya sa a aljihu, don ba shi da abin da ya fi shi. Wani mai kayan koli ya duba ya ce ya san yarinyar, ya kai shi wani gida a Sheshe. Aka fito masa da wata 'yar mutane mai bille, uwarta tana zage-zage daga ciki. Ya dawo ya ajiye ƙyallen a kan randa, tuwon ma bai taɓa ba.

Ƙyalle ya ƙare, na mutane ne ma dama. Kulu ta koma kan sakaina, fasassun ƙwarya da ke jibge a bayan madafa. Cikinsu fari ne, yana kama gawayi.

Wata rana bayan azahar, zafi ya kwantar da kowa, Gwaggo ta jingina da bango tana gyangyaɗi da carbi a hannu. Kulu tana gaban murhu tana jiran ruwan tuwo ya tafasa, da guntun gawayi a yatsunta. Ba da wata niyya ba ta shiga jan layi a sakaina tana kallon tsohuwar: ɗankwalin da ya zame, bakin da ya karkace gefe guda, kumatun da ya lotsa inda haƙora suka zube. Tukunya ta fara bori, ta yar da sakainar ta tashi. A nan Murja ta tsince ta da safe. Ta duba, ta dubi Gwaggo, ta toshe baki da gefen mayafi kafaɗunta suna rawa. Ta raɗa wa Kulu cewa ko a kasuwar Wudil ta ga wannan bakin za ta gaishe shi.

Kulu ta karɓi sakainar ta zauna da ita. Ba ta da kyau. Layukan sun hau juna, kunne ɗaya ma babu. Amma Gwaggo ce. Ta dubi tsohuwar da kyau, sai ta ga ashe gefen damanta da na hagu ba su taɓa zama ɗaya ba. Ta dubi Murja, ita ma girarta ɗaya ta fi ɗaya tashi. Ta leƙa randa ta ga tata. Fuska ba ta da ninki. Abin da ya sa hula ta yi kyau shi ne yake kashe mata 'ya.

Daga ranar ba ta ƙara auna komai da tsinke ba. Duk wanda ya shigo gidan sai ta zana shi, kuma da sauri, kafin ya motsa. Yarinya mai tallan ƙosai, kafin ta gama zubawa a akushi. Mai kitso, tana tsefe kan Gwaggo. Dillaliya, tana kwance ƙullin zannuwa tana zuba surutu. In ba kowa, akuya. Da yawa ba sa kama da kowa, sai ta kankare da wuƙa ta sake a kai har sakainar ta huje. Ta gano in ta tsaya gyara, kamar takan gudu. In ta bar hannun ya bi ido, wani lokaci takan tsaya. Ta jiƙa ƙaro ta dama da garin gawayi don kada zanen ya goge a hanya. Ta tauna bakin asawaki ya yi laushi, ta riƙa shafa jar ƙasa a kumatu, farar ƙasa a ido, da ɗan shunin da take kankarowa daga tsohuwar rigar aikin Gwadabe.

Tuwo ya fara ƙonewa. Masu hula suka gaji da aike suka kai ƙyallensu wani gida. Da sakaina ta ƙare, maƙwabta suka riƙa aiko mata da nasu, wasu don tausayi, wasu don a zana su su gani. Da waɗannan ma suka ƙare, ta sauko da babbar ƙwaryar da uwarta ta yi mata jere da ita, ta ɗora a turmi ta sa taɓarya.

A nan Gwaggo ta ce abin ya isa. Ta ce tun tana yarinya ta ji cewa mai zana abu mai rai, ranar gobe za a ce ya hura masa rai. In kuwa Kulu ta ƙi bari, to ta riƙa jan layi a wuyan kowane, a raba kai da jiki, haka masu tsoron Allah suke yi. Ta ɗauko wata sakaina mai ɗan kama da 'Yardada ta miƙa mata da gawayi.

Kulu ta sa hannu biyu ta karɓa, kamar yadda ta saba karɓar komai daga Gwaggo. Ta kai gawayin wuyan. Hannun ya tsaya.

"Gwaggo, ki gafarce ni. Ban san inda take kwana ba, ban san wanda yake riƙe da ita ba. Ba zan sa mata layi a wuya ba."

Da Gwadabe ya dawo Gwaggo ta kai masa ƙara, shi kuma ya kai maganar zauren Malam Sabo, limamin masallacinsu. Amsar da ya kawo gajeriya ce. Malam ya ce abin da aka sassaƙa har yana da inuwa shi ne mai nauyi, na shafe a kan ƙwarya da sauƙi, balle ga lalura. Ya kuma ce in an sami mai kama sosai a kawo masa ɗaya ya nuna wa masu zuwa sallar Juma'a daga ƙauye.

Mai kama sosai ɗin ce ta ƙi samuwa. Yanzu Kulu tana iya zana mai ƙosai har uwarta ta gane ta, amma in ta zo kan 'yarta sai hannun ya koma na mai hula. Takan rufe ido ta nemi fuskar gaba da gaba, ido cikin ido, sai ta tarar babu. Abin ya tsorata ta fiye da kududdufi. Ta zaci mantuwa ce ta fara cin yarinyar tun da ranta.

Da hantsi ne, tana tankaɗe, ta gane ba mantuwa ba ce. Ba ta taɓa zama ta ƙura wa 'Yardada ido ba. Yaushe? Ko nono take ba ta, in an shigo sai ta kau da kai. Duk sanin da ta yi mata da satar kallo ne: ta wutsiyar ido, daga sama, tana daka ko tana shara, yarinyar tana tsaye a gefenta ta karkatar da kai tana leƙo ta daga ƙasa, idon hagu a ɗan tsuke, leɓen ƙasa a ture, tana jiran a ce mata ungo. Kulu ta saki rariya, garin ya zube. Ta ɗauki sakaina da gawayi, ta ja layin goshi a karkace, kunci ɗaya babba ɗaya siriri, ido, leɓe. Ba ta kai ga billen ba ma ta tsaya.

Da yamma ta ajiye sakainar kusa da buta inda Gwadabe yake alwala. Ya ɗauka. Ya nemi turmi ya zauna a kai, ya daɗe, har aka tayar da salla bai tashi ba. Gwaggo ta leƙa ta kafaɗarsa, ta koma ɗaki ta saki labule.

Kulu ta yi ta yin irinta, kowace ta fi ta jiya sauri. Aka kai wa Malam Sabo, aka ba dillalai, aka ba masu tsaron ƙofa. Murja ta sa tata a cikin faifan da take rufe nono. Kwanaki suka yi ta wucewa ba labari. Zafi ya ƙaru, iska ta tsaya cik. Sai ga gizagizai sun fara taruwa a gabas da la'asar suna watsewa. Kulu ta daina duban sama. Masu ɗebo ruwa suka fara sallama da gidajen da suke yi wa aiki. Aka ce an ga wata yarinya a hannun fatake a hanyar Bichi, Gwadabe ya ari keke ya bi.

Washegarin tafiyarsa Murja ta shigo tun rana ba ta yi zafi ba, ƙwaryarta cike, ba ta sayar da ko ludayi ba. Ba ta sauke ba. Ta ce a gonakin da ke gindin Goron Dutse, inda 'yan cin rani masu fasa dutse suka yi bukkoki, ta ga wata mata da goyon yarinyar da ta wuce goyo. Kan a aske, jikin duk ƙashi, ba ta yi kama da kowa ba. Har ta wuce, sai yarinyar ta karkatar da kai ta leƙo ƙwaryar nono daga ƙasa. Ta ƙara da cewa suna ɗaura wa jakuna kaya.

Kulu ta shiga ɗaki ta juye sakainun a zane ta ƙulle. Da ta fito Gwaggo tana tsaye a bakin zaure. Maigida ba ya nan, ba wanda zai ba da izini, gwiwoyin Gwaggo kuma ko masallaci ba sa kai ta. Suka dubi juna. Tsohuwar ta cire baƙin mayafinta mai kauri ta yafa wa Kulu har goshi.

"Ki ranƙwafa kamar tsohuwa. In ya dawo, ni na aike ki."

Rabon Kulu da ganin titi da rana tun kafin aurenta. Ta bi diddigin Murja, lungu bayan lungu, ba ta ga komai ba sai ƙafafun mutane. Gidaje suka ƙare, gonaki suka fara, ga dutsen a gabansu, bayansu kuma gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso tana kwasar karan bukkokin da aka rushe.

Matar tana ɗaure tukunya a bayan jaki. Sunanta Asibi, doguwa ce, ta girmi Kulu nesa. Da ta ga sun nufo ta sai ta juya goyon ta bayanta, ta sa jakin a tsakaninsu. Kulu ta yi sallama ta gaishe ta har ƙasa. Ba ta iya ganin komai sai wata siririyar ƙafa da ke reto.

Asibi ba ta yi musu ba, ba ta kuma ba da kai ba. Ta ce a gindin kuka ta tsinci yarinyar da magariba, jiki kamar wuta, washegari ƙyanda ta feso. Mai ƙyanda ba a fita da shi, ta rufe ta a bukka ta yi ta jinya, idanun suka manne, ta yi ta wanke su da ruwan ɗumi har suka buɗe. Cigiya ba ta iso nan ba. Da yarinyar ta tashi, ta ji tsoron kai ta gidan mai unguwa a ce baƙi sun saci 'yar birni. Nata biyu ƙyandar ce ta kwashe su a garinsu. Ta ce yanzu Inna take ce mata. Kuma kowa ma zai iya yafa mayafi ya zo ya ce shi ne uwa.

Maza suka bar ɗaurin kaya suka matso. Murja ta fara ɗaga murya, Kulu ta riƙe mata hannu. Ta durƙusa ta kwance ƙullin, ta baje a ƙasa. Sakainu suka watsu a gaban jakin, fuska ɗaya a kowace, duk sun karkata suna leƙen sama.

Asibi ta sunkuya da goyon ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki wata. Ta sassauta zanen ta zamo da yarinyar gabanta, ta tallafi haɓarta tana dubawa. 'Yardada ta ƙanƙame ƙafar Asibi, ta leƙo baƙuwar mai baƙin mayafi. Kulu ta ture mayafin baya.

"Ni na wanke idon nan da hannuna," in ji Asibi a hankali. "Ban lura ɗaya ya fi ɗaya ba."

Ta ɓamɓare yatsun yarinyar daga zanenta ɗaya bayan ɗaya, ta tura ta gaba. 'Yardada ta yi taku biyu ta tsaya a tsakiya, ta fara kuka mara ƙarfi, ba ta san wajen wa za ta ba. Kulu ta matsa da gwiwa ta ɗauke ta. Ba nauyi ko kaɗan.

Mijin Asibi ya ce su tafi, hadari ya iso. Asibi ba ta motsa ba. Ta ce ko za a bar mata sakaina guda ɗaya. Kulu ta ce ta kwashe duka in tana so. Matar ta bi su da kallo, masu kumatu, masu kitso, ta girgiza kai. Ta ce wannan 'yar Kulu ce, ita ba wannan ta sani ba.

Kulu ta zauna a ƙasa ta ɗora yarinyar a cinya, ta juyo da ita suna fuskantar juna. Ta miƙa hannu cikin tokar murhun da suka kashe ta zaro gawayi, ta kife wata sakaina ta sami wuri a gefe. Ta dubi 'yarta sosai, a gaban maza, a gaban kowa: kan da aka aske, tabon ƙyanda a goshi, wuyan da ya zama kamar kara. Hannunta ya san hanya. Ɗigon farko ya faɗo a bayan jakin, na biyu a hannunta. Ta ja mayafin Gwaggo ta rufe kansu su biyu da sakainar, ta ƙarasa a ciki.

Asibi ta karɓa ta duba, ta cusa a ƙirji cikin zane inda ruwa ba zai kai ba, ta kora jakinta. Murja ta taimaka aka ɗora wa Kulu goyo. Ta ɗaure zanen ta ƙara ɗaurewa, suka juya suka nufi gari cikin ruwa.